Ranar da Baffa Isiyaku Ya Taya Bakwai

Tumatirin da ke gonarmu a ranin nan shi ne abu na ƙarshe da Baba ya dasa da hannunsa. Da tari a ƙirjinsa ya dasa shi, ya yi masa ban ruwan farko. Na biyu ni na yi, don a lokacin mun riga mun raka shi makwancinsa. In na shiga tsakanin kunyoyin da sassafe nakan ga inda diddigensa ya nutse tun ƙasa tana ɗanya, ta bushe da sawun a jikinta. Nakan kewaye. Ban taɓa takawa ba.

Gonar tana can wutsiyar layin ruwa, ta gefen da ke kallon Bunkure, inda ruwa ba ya isowa sai ya gama gaisawa da kowa. A shekarar kuma ciyawar kacala ta cika ƙaramin kanal ɗin da ke kawo mana ruwa, ta tsaya ƙyam kamar gero, har ruwan ya koma rarrafe. Sai ƙungiyar manoman rani ta sa ranar Asabar a fito gayya a yashe shi. Shugabanta, Malam Tambaya, ya bi gida-gida yana maimaita dokar da kowa ya sani: gidan da bai tura mutum yashe ba, ba shi da ruwan wannan makon. Tumatirinmu kuwa ya fara fure. In ya yi mako guda bai sha ba, furen zai zube, an gama ke nan.

Ban ga wata wahala a ciki ba. Ina da lauje, ina da ƙafafu. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Baffa Isiyaku.

Ƙanen Baba ne, ciki ɗaya. Ya daɗe a Kaduna, inda ya ce shi ne manajan wani kulob na manyan mutane. Ya dawo mana da baƙin tabarau da wayar hannu irin wadda ta fara shigowa a lokacin, ba layi a cikinta, amma kullum tana kunnensa. Ana gama zaman makoki ya kwaso jakarsa ya tare a zaurenmu, ya ce yanzu shi ne babban gida. Inna tana cikin takaba, ba fita, ba doguwar magana. Ni kuma a kwanakin nan kaina kamar an cika shi da auduga yake, abin da aka ce mini shi nake yi.

Da na gaya masa maganar gayya sai ya sauke tabarau zuwa kan hanci.

"Yashe? Ni da kai mu shiga taɓo kamar kwaɗi? Mukhtari, abin da ya hana gidan nan ci gaba ke nan. Yayana, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma da ƙashin bayansa ya yi ta neman ruwa. Ruwa a hannun injiniya yake. Injiniya kuma yanzu a aljihuna yake."

"Wane injiniya, Baffa?"

"Injiniya Maharazu mana, mai zuwa duba kanal. Na rutsa shi a gidan mai a Kura. Me na hango a motarsa? Karta. Na ce, ranka ya daɗe, kana buga birij? Sai da ya cire hula. Ya ce bai taɓa zaton akwai wanda ya san sunan wasan nan tsakanin Kura da Garun Malam ba. Ranar Asabar zai zo ganin yashe tare da abokinsa likitan dabbobi, in an tashi hutun rana mu buga. In na lallasa shi a gaban jama'a, wa zai ƙara hana gonarmu ruwa?"

"In kuma shi ya ci fa?"

Ya dube ni da tausayi. "Aji nawa ka bar makaranta?"

"Uku."

"Ga shi nan a bakinka."

A ranar ya fara koya mini. Wasan na mutum huɗu ne, biyu-biyu, abokinka yana fuskantarka. Kowa ana ba shi karta goma sha uku. Kafin a jefa ko ɗaya sai a yi tayi kamar a kasuwa, ana zagayawa: ka faɗi lamba, ka faɗi jinsin kartar da kake so ta yi mulki, zuciya ko daimon ko mashi ko ganye, na gaba ya ɗara ka ko ya ce ya wuce. Kuma masu wasan sukan shirya tun a gida cewa tayi kaza saƙo kaza ne ga aboki. To nan Baffa ya baje. Ya ce Turawa suna da tsarinsu, Indiyawa suna da nasu, shi ma ya ƙera nasa, Tsarin Isiyaku.

"In na ce ganye biyu, ma'anarsa hannuna cike yake kamar rumbun kaka. In na ce daimon uku, ka yi shiru, manya na magana. In na ce mashi huɗu, ka duba fuskar injiniya ka ga ko ya fara zufa."

"In ba ka da komai a hannu fa, me za ka ce?"

"Ganye biyu."

"Ai ka ce wannan na cikakken hannu ne."

"Ka taɓa ganin mai tumatir ya gaya wa dillali cewa na ƙasan kwando ruɓaɓɓe ne? Kai yaro ne, kana iya cewa ka wuce. Ni duk zamana a Kaduna ba wanda ya taɓa jin kalmar nan a bakina."

Ya jawo mutum biyu don gwaji, Taufiƙ mai faci da wanzamin unguwarmu. Kartar da Baffa ya zo da ita ba ta cika ba, sai ya yanka kwalin sukari ya zana sauran da biro, ya zama duk wanda sarkin mashi ya faɗo masa kowa na ganin hoton sukari a bayansa. Aka fara tayi. Baffa ya ce uku, wanzami ya ce biyar, Baffa ya ce tara, mai faci ya ji haushi ya ce ashirin, wanzami ya ce albarka. Aka tattara aka sake rabawa. Haka aka yi ta yi kullum bayan la'asar, ba wanda ya taɓa jefa karta ko ɗaya a tabarma.

"Wai yaushe za a fara wasan ne?" in ji wanzami.

"Wannan shi ne wasan," in ji Baffa. "Abin da ya rage aikin yara ne."

Tabarmar kuwa ita ce wadda muka karɓi gaisuwa a kanta. Har yanzu akwai wurin da wani tsoho abokin Baba ya zauna yana kuka yana tsinkar zarenta. A kan wurin Baffa yake ajiye kofin shayinsa.

Liman ya shigo ranar Laraba zai yi wa Inna addu'a daga bakin ƙofa, ya tarar da mu.

"Isiyaku, caca a zauren mamaci?"

"Allah gafarta Malam, ilimi ne. Ko kwabo ba a sa ba."

"To me ake ci?"

"Ruwa."

"Ruwan wa?"

"Na gwamnati."

Liman ya juyo gare ni. "Mukhtari, da karta babanka ya shayar da gonar nan?" Na sunkuyar da kai. Ya yi addu'arsa a tsaye, ya fita bai sha ruwan da aka kawo masa ba.

Kafin Juma'a labari ya gama gari. Wadda ta fi kowa jin daɗinsa ita ce Iyatu, taubashiyar Baffa, mai sayar da kunu da ɗanwake a bakin kanal. Tsakaninsu ba kunya tun suna yara. Ta tare mu a hanyar masallaci.

"Manaja! An ce gobe za ka ja ruwa da kwali. Don Allah in ka gama ka biyo ta rijiyarmu, gugana ya tsinke."

"Iyatu, wannan harka ta fi ƙarfin mai dama kunu."

"Ƙwarai kuwa. Ni in na dama akan sha. Kai me ka taɓa damawa?"

Baffa ya ɗora waya a kunne ya ce, "Halo, Kaduna?" ya yi gaba.

Da yammacin nan na wasa laujena na ɓoye a bayan rumbu, da niyyar in sulale tun asuba. Da gari ya waye babu lauje, babu shebur, babu adda. Baffa ya kulle su a ɗakin zaure, makullin yana wuyansa. Na je ƙofar Inna na gaya mata. Ta bayan labule ta ce, "Ƙanen ubanka ne, ka bi shi. Amma ka dawo mini da labarin ruwa."

Sai ga Baffa ya fito cikin shuɗiyar babbar rigar Baba ta zuwa Juma'a. Ba a ko raba gado ba. Rigar ta fi shi tsawo, tana sharar ƙasa, kuma har yanzu tana ƙanshin turaren da Baba ke saye a ƙofar masallaci. Na bi bayan ƙanshin nan har bakin kanal kamar akuya.

Mun tarar gari duka yana cikin taɓo. Maza tun daga samari har masu furfura, wando a naɗe, suna sara suna jifa da kacala kan gaɓa. Muka wuce ta gabansu da tsabtarmu. Ba wanda ya ce mini komai, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Malam Tambaya kawai ya ɗago, ya dubi rigar, ya dube ni, ya koma kan aikinsa.

Da rana ta take aka tashi hutu. Injiniya Maharazu ya sa aka shimfiɗa darduma a gindin mangwaro, ya fito da sabuwar karta mai sheƙi. Dattijo ne mai fara'a, abokinsa Dakta Jamaluddeen kuma siriri, ba ya dariya sai da ido. 'Yan gayya suka kewaye mu da kwanukan ɗanwake, taɓo na bushewa a ƙwaurinsu.

Baffa ya miƙe ya baza hannun riga. "Jama'a ku shaida! In na ci, daga yau ruwa da gonarmu zai riƙa farawa!"

Injiniya yana can yana gauraya karta, ya ɗauka raha ce. "Mu dai mu buga, Malam Isiyaku."

Aka raba. Ni ne farkon magana, sai Dakta, sai Baffa, sai Injiniya. Na duba hannuna na ga zuciya ta fi yawa, da sarkinta da sarauniyarta. Na ce a hankali, "Zuciya ɗaya."

"Mashi ɗaya," in ji Dakta.

Baffa ya ƙyafta mini ido yadda har na bayan mangwaro sun gani. "Ganye biyu!"

Injiniya ya juyo gare ni. "Samari, me wannan tayin yake nufi a tsarinku?"

"Kul!" Baffa ya daka tsawa. "Kar ka faɗa! Ranka ya daɗe, asirin gida ne."

"Ai babu asiri a wasan nan," in ji Injiniya. "Duk abin da kuka shirya da abokinka, in abokin hamayya ya tambaya dole a gaya masa. Haka dokar take ko'ina. A Kaduna ba haka kuke yi ba?"

"A Kaduna... eh to, ya danganta da kulob."

Ido ya dawo kaina. Ban iya ƙarya da sauri ba, ban gaji wannan ba. Na ce, "Yana nufin hannunsa cike yake kamar rumbun kaka."

"Madalla."

"Ko kuma ba shi da komai."

Mai faci ya shaƙe da ɗanwake, sai da aka bubbuga masa baya. Dakta ya ce wannan tsari ne mai faɗi ƙwarai, bai taɓa jin wanda ya kai shi ɗaukar kaya ba.

Injiniya ya ce, "Huɗu, babu mai mulki."

"Tsaya!" Baffa ya nuna Dakta da yatsa. "Tunda haka ne ni ma na tambaya. Me yake nufi?"

"Tambayata yake yi," in ji Dakta, "as nawa ne a hannuna. As ita ce mai ɗigo ɗaya, wadda ta fi sarki. Guda huɗu ne a duk kartar. In na ce ganye biyar, ba ni da ko ɗaya. Daimon biyar, ɗaya. Zuciya biyar, biyu. Mashi biyar, uku."

Na ce na wuce. Dakta ya ce, "Mashi biyar."

Baffa ya fashe da dariya har tabarau ya zame. "Kun gani? Masu digiri ke nan! Ya tona wa kansa asiri da bakinsa! Zuciya shida!"

Iyatu ta ajiye ludayi. "Tsaya, Manaja. Ni ban yi boko ba. An ce manyan huɗu ne, wannan bawan Allah ya ce uku suna hannunsa. Kai da me za ka yi shidan?"

"Da ƙwaƙwalwa."

"Wayyo, gonar marayu."

"Mashi shida," in ji Injiniya. Na wuce. Dakta ya wuce. Balbelu na ta kuka a kan kacalar da aka sare. Na ɗago na kalli Baffa, na roƙe shi da ido, da duk abin da ido zai iya. Ya gyara wuyan rigar Baba.

"Zuciya bakwai!"

Injiniya ya ajiye kartarsa a ƙirji. "Malam Isiyaku, ka san abin da bakwai take nufi? Alkawari ka ɗauka cewa duk zagaye goma sha ukun nan ku za ku cinye, ba za mu ci ko ɗaya ba."

"Tsoro ya kama shi, jama'a!"

"To na ninka," in ji Injiniya. "In kun gaza, hasarar ta zama biyu."

"Takwas!"

"Babu takwas. A bakwai sama ta ƙare."

"Shi ke nan," in ji Baffa, "na kai ku bango."

Kowa ya wuce. Dakta ya jefa as ɗin mashi a tsakiyar darduma. Injiniya ya ce tunda ni na fara ambaton zuciya, ni zan buga, abokina kuma sai ya shimfiɗa kartarsa a fili.

Ban taɓa ganin farin ciki irin wanda ya sauko a fuskar Baffa ba. Ya shimfiɗa kartar ɗaya bayan ɗaya kamar mai baje kolin zinariya, ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Alhamdu lillahi! Tambaya, je ka buɗe ruwa! Iyatu, kunu, kofi babba!"

Jama'a suka matso suna leƙe. Babu as, babu sarki, babu sarauniya. Mai hoto guda ɗaya ce, wani bawan ganye, shi ma kamar yana jin kunya. Zuciyar da ya kai ta bakwai, biyu ce tak a hannunsa, 'yar biyu da 'yar huɗu.

"Wannan ne rumbun?" in ji wanzami. "Ko ɓera ba zai kwana a ciki ba."

"Malam Isiyaku, zauna mana," in ji Injiniya. "Yanzu za a fara."

"A fara me? Na ci! Wanda ya shimfiɗa karta shi ya ci!"

"Wa ya gaya maka?"

"Da idona na gani, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba! Kullum in an gama tayi, babban cikinsu shi ke shimfiɗa tasa, ya miƙe, ya bar yara suna wahala, ya ce mini, Isiyaku, kawo shayi..."

Ya tsaya. Amma maganar ta riga ta fita, ta zauna a tsakiyar darduma kusa da as ɗin mashi.

"Ya ce maka me?" in ji Iyatu, a hankali, kamar mai lallashin yaro. "Manaja, ya ce maka ka kawo me?"

Dariyar da aka yi har balbelu sai da suka tashi. Wani tsoho ya zame daga kan gaɓa ya koma cikin taɓon da ya fito. Dakta kansa sai da haƙoransa suka bayyana. Da aka lafa ya yi bayani: wanda ya shimfiɗa karta ba shi da sauran aiki, ba shi da baki, abokinsa ne ke buga masa. Shi ya sa yake samun sararin shan shayi. Sunansa ma a wasan, in an juya shi da Hausa, kusan mutum-mutumi ne.

"Irin na gonar shinkafa?" in ji mai faci.

"Kusan haka."

"Ai ko ga riga ta yi masa yawa!" in ji wani daga baya.

Nan abin ya sosa mini rai, don rigar Baba ce. Amma ba lokacin wannan, ga karta a hannuna, ga alkawarin da ban ɗauka ba. Dakta ya cinye zagayen farko. Ya jefa as ɗin daimon ya cinye na biyu. Baffa ya buɗe baki zai ce in jefa bawan ganye, sai jama'a baki ɗaya suka ce, "Mutum-mutumi ba ya magana!" Ya miƙa hannu zai taɓa karta, Iyatu ta buge hannun da ludayi. Ya ɗora waya a kunne, wani yaro ya ce, "Kaduna ce, a kawo shayi?" Na samu na ci 'yan zagaye da zuciyoyina, sauran duk suka tafi, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda masu gaisuwa suka watse bayan addu'ar bakwai.

Da aka gama Baffa ya share zufa da hannun riga. "To, an yi wasa, an yi zumunci. Ranka ya daɗe, maganar ruwan fa? Ko don marayu."

Injiniya ya dube shi da mamaki na gaskiya. "Au, da gaske kake? Ai ni aikina a babbar ƙofar ruwa ya tsaya. In na sako ruwa cikin layinku, rabonsa na ƙungiyarku ne. Ko ka ci ni sau ɗari ba ni da ikon ba ka ko cokali. Ga mai rabo nan." Ya nuna Malam Tambaya, wanda ke zaune yana kankare taɓo daga tsakanin yatsun ƙafarsa da tsinke.

Na rarrafa na durƙusa a gabansa. "Baba Tambaya, tumatirin ya yi fure."

"Na sani. Na bi ta wurin jiya." Bai ɗago ba. "Doka kuma ka san ta."

"Na sani."

"Tambaya, haba," in ji Baffa, "tsakaninmu..."

"Mutum-mutumi ba ya magana," in ji Malam Tambaya, ba tare da ko murmushi ba. Ya jefar da tsinken. "Mukhtari, tun da aka haƙa kanal ɗin nan ubanka bai taɓa fashin yashe ba. Bara da zazzaɓi a jikinsa ya zo. Saboda haka ga abin da zan iya, in jama'a sun yarda. Daga kwanar can zuwa bakin gonarku ba mu taɓa ba. Rana ba ta faɗi ba, gayya ba ta tashi ba. In gidanku ya shiga yanzu, ya zo yashe. Amma babban gida shi zai fara sa ƙafa, tunda ya ce shi ne."

"Mun yarda!" Ban taɓa jin ƙungiyar nan ta haɗa baki da sauri haka ba.

Baffa ya ce yana da ciwon baya. Aka ce taɓo magani ne. Ya ce bai zo da kayan aiki ba. Lauje goma suka miƙo. Ya tattare riga zai sauka, Malam Tambaya ya tare shi da hannu.

"Cire. Rigar ba ta yi laifin komai ba."

Ya cire. A ƙarƙashinta singileti ce mai huji uku da gajeren wando na 'yan ƙwallo. Na karɓi rigar na ninke ta yadda Inna ke ninkewa, na ba Iyatu ta ajiye a kan faifai, nesa da kunu.

Taku na farko Baffa ya nutse har gwiwa. Ya kai wa kacala sara, lauje ya kuɓuce ya tafi gonar albasar wani. Ya kama ganyen da hannu zai tumɓuke, ya yanke shi a tafi, ya yi zaman daɓaro a cikin taɓo.

"Na taya faɗuwa biyu kafin ya kai waccan bishiya," in ji Iyatu daga kan gaɓa.

"Uku!" in ji mai faci.

"Bakwai," in ji Dakta, yana shiga mota. "A nan sama ta ƙare."

Ni ban tsaya kallo ba. Na shiga ta gabansa na fara sara. Can sai na ji sara a damana, na ji a haguna. Malam Tambaya ne da 'ya'yansa, sai wanzami, sai sauran. Muka wuce Baffa a tsakiyar kanal, ya kafe har cinya, yana ihu wai wani abu na tsotsar ƙwaurinsa. Aka ce masa matsattsaku ne, in ya ƙoshi zai sauka da kansa. Aka sare ciyawar da ke kewaye da shi tas, aka bar shi tsaye shi kaɗai.

Rana ta yi ja lokacin da muka fasa zuwa bakin gona. Malam Tambaya ya ɗaga hannu, na can sama suka zare katakon da ya tare ruwa. Na ji shi kafin in gan shi, wani siririn sauti kamar ana raɗa a ɗaki na kusa. Ya zo yana ture karmami a gabansa, ya iso wurin Baffa, ya rabu biyu ta gefen cinyoyinsa kamar yadda yake yi wa kututture, ya haɗe a bayansa, ya taho.

Na ruga na riga shi. Na sa hannu na buɗe bakin kunyar farko, ya shiga. Ƙasar ta yi wannan ƙaramin kukan da takan yi in ta daɗe da ƙishi. Wasu furanni sun riga sun zube, ruwan ya ɗauke su, 'yan rawaya-rawaya suna juyi a kansa. Amma mafi yawa suna nan a jikin uwarsu. Na tsuguna ina kallo har ƙanshin ganyen ya taso, wannan ƙanshi mai ɗaci-ɗaci da ke kama hannu ya kwana.

"Mukhtari!" Muryar Baffa ce daga can baya, ruwa ya kai masa ƙugu. "Mukhtari! Zo ka ciro ni in nuna maka inda ka yi kuskure! Ai da daimon ka fara!"

Na ce, "Ina zuwa, Baffa, in gama da kunyoyin nan."

Na matsa na buɗe ta biyu. Kunyoyin kuwa da yawa. Baba bai taɓa yin ƙaramar gona ba.